Wai Uba Da Ɗa Daidai Suke

Litinin, 18 ga Nuwamba, 1963, da hantsi

Yongdal ya kawo mini takardun nan da fensir, wai in riƙa rubuta amsoshin ina maimaitawa, sun fi zama a kai. Ɗan da na haifa ke koya mini yadda abu ke zama a kai. Na karɓa ne don uwarsa na kallonmu daga shimfiɗa. Abin da na ga dama shi zan rubuta.

Fada, limamin coci, zai hawo ƙauyenmu Jomgol farkon watan gobe. Sau biyu yake zuwa a shekara, kaka da bazara, ya zauna a ɗakin addu'a ya yi wa kowa tambayoyin addini, yaro da babba. Wanda ya ci ya samu abin da ya zo nema, wanda ya faɗi ya jira zuwa na gaba. Shekara arba'in da ɗoriya ina kallon wannan daga bakin tanderu, ina yi wa dattawa masu gemu dariya, murya na rawa kamar 'yan makaranta. Duk ƙauyen nan na magina tukwane ni kaɗai ne ba a zuba wa ruwa a ka ba. Da na zo neman aiki na auri 'yarsu, alkawarin da na yi shi ne ba zan hana ta addu'arta ba, kuma ban hana ba. Ban yi alkawarin shiga ba.

Yanzu tsohuwa, matar tawa, ta ce tana so ta ga an yi mini baftisma da idonta. Na ce a bari sai bazara, in gari ya yi ɗumi. Kallona kawai ta yi. Na ce to, wannan zuwan.

Laraba, 20 ga wata, da yamma

Ta sha kunun shinkafa kaɗan. Ta fi jiya.

Alhamis, 21 ga wata, da faɗuwar rana

Ashe kafin Fada sai Yongdal ya fara gwada ni. Shi ne shugaban ɗakin addu'a tun rasuwar kawunsa, shi ke cewa wane ya shirya, wane bai shirya ba. Ya zo ya durƙusa yadda ya kamata, ba zan yi masa ƙage ba. Amma littafin yana hannunsa, ni kuwa hannuna wayam.

Amsoshin duk na san su. Bangon ɗakinmu siriri ne, abin da tsohuwa ta koya wa yara ni ma ya shiga kunnena. Wa ya yi sama da ƙasa, na faɗa. Allah nawa ne, na ce ɗaya. A cikinsa fa, na ce Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Har yaron ya fara murmushi. Sai ya ce a cikin ukun wa ya riga wani, wa ya fi wani.

Na ce Uba.

Ya ce, "Baba, ba haka amsar take ba. Babu na gaba babu na baya, babu babba babu ƙarami."

Na ce na san yadda take, na ji ta tun ba a haife shi ba. Ji daban, faɗa daban. Wane irin uba ne bai riga ɗansa ba? To don me ake ce masa uba? Mu nan Koriya ɗa ba ya kunna lofe a gaban ubansa, in an ba shi giya sai ya kau da fuska kafin ya sha. Japanawa ma da suka canza mana sunaye ba su taɓa ce mana ɗa daidai yake da uba ba.

Ya rufe littafin ya ce za mu sake gwadawa.

Na ukun ba ni da rigima da shi. Ban san shi ba, bai taɓa yi mini komai ba.

Jumma'a, 22 ga wata, da safe

An kunna tanderu, gashin ƙarshe kafin ƙasa ta daskare. Yongdal ke duba wuta. Ban je ba.

Asabar, 23 ga wata, da tsakar rana

Kwak ya same ni ina shan rana a bayan rumfar yumɓu. Tare muka tsufa a sana'ar nan, shi ya sa yake ganin bakinsa na da izini a kaina. Tun daga nesa yake cewa ga ɗan makaranta, an ce an zo tambaya ta huɗu an maƙale kamar akuya a shinge. Na ce shi da ya ci jarrabawar tun yana yaro me ta ƙara masa, har yau hannun tulunsa a karkace yake fita.

Ya zauna ya ce bari ya sauƙaƙa mini. Wai in dubi wuta, ga harshe, ga zafi, ga haske, wanne ya riga wanne? Na ce itace ya riga su duka. Na kuma ce kada ya ƙara yi mini maganar wuta. Ya san abin da nake nufi, yana cikin waɗanda suka yi zama bara bayan an buɗe tanderu an tarar gashin ya lalace, zaman da aka yi ba ni, aka fito aka ce daga yau Yongdal ne mai duba wuta. Itacen ne ɗanye ranar, hayaƙi ya yi yawa, kowa ya sani. Idona lafiyarsa ƙalau.

Da zai tashi ya ce, "Chilbok, 'yar magana ce. Ka rufe ido ka haɗiye ta kamar magani. Ai ba don kai ba ne."

Na ce ni ban taɓa sayar da tulu mai tsaga na ce lafiyayye ne ba. Ya ce tsagar a kaina take, tsohon banza. Ya bar mini taba a kan dutse.

Talata, 26 ga wata, da hantsi

Daga tsakar gida ina ganin hayaƙin. Yongdal ya yi saurin ƙara itace. Ba a tambaye ni ba.

Ba ta sha kunun ba. Ta ce gishiri ya yi yawa. Babu gishiri a ciki.

Laraba, 27 ga wata, da yamma

Mata sun cika gidan suna gishirta kabeji na lokacin sanyi. Tsohuwa ta sa an buɗe mata ƙofa tana ba da umarni daga kwance, wace randa za a binne a ina, barkono ya yi kaɗan. Muryarta ba ta kai tsakar gida, surukarmu matar Yongdal ce ke sunkuyawa ta ji ta maimaita da ƙarfi. Bara da kanta take zagin kowa.

Ta kuma sa an buɗe akwatin nan na ƙasa, an shanya likkafanin da ta tanada a ciki a igiya ya sha iska. Na zaga ta bayan gida don kada in bi ta wajen.

Jumma'a, 29 ga wata, da faɗuwar rana

An kashe wuta jiya. Yau Yongdal ya sauka gari ya zo da mai allura. Mutumin ya duba ta, ya fito, ya ja Yongdal wajen randunan miya suna magana ƙasa-ƙasa. Ina zaune a bakin ƙofa, ni ya tsallake. Matata ce kafin ta zama uwarsa.

Da baƙon ya tafi na ce me ya ce. Ya ce, "Ya ce a riƙa ɗumama mata ɗaki, Baba." Tun daga gari aka ɗauko mutum don ya faɗi wannan.

Haka suke yi yanzu. A yanke, a gama, a zo a durƙusa mini a gaya mini rabi. Sannan a ce in buɗe baki a gaban jama'a in ce babu babba babu ƙarami. Na san wanda zai fi kowa jin daɗin jin wannan daga bakina.

Na hura wutar ƙarƙashin ɗakin da kaina. Wannan wutar dai ba a yi zama a kanta ba tukuna.

Asabar, 30 ga wata, da safe

Ta fi jiya.

Lahadi, 1 ga Disamba, da tsakar rana

Ana addu'ar Lahadi a ɗakin addu'a, muryar Yongdal ke ja, jama'a na amsawa. Ta ce in zame mata ƙofa gefe ta ji. Na ce sanyi. Ta ce in zame. Leɓenta na bin su har aka gama.

Sai ta ce, "Tsoho, za ka faɗa?"

Na ce zan faɗa.

"Kalle ni ka ce."

Na kalle ta na ce. Fuskar ta koma kamar ta yarinya, duk ido.

Bayan ta yi barci na shiga rumfar yumɓu na ja ƙofa na gwada. A gaban randuna maganar sumul take fita. Babu na gaba babu na baya. Na maimaita har bakina ya gaji. Ba wuya ashe, in ba mai kallo.

Litinin, 2 ga wata, da yamma

An buɗe tanderu. Ina wucewa ne kawai, hanyar rafi ta nan ta bi. Sun jera randunan a gangare, mutane na ta yi wa Yongdal barka. Na ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa. Na ƙwanƙwasa wata.

Kwak ya ce yaya na ji. Na ce yumɓun bana mai kyau ne.

Talata, 3 ga wata, da faɗuwar rana

Fada Yun ya iso da la'asar, yara na gaba da jakarsa. Saurayi ne, bai kai Yongdal ba. Kafin ya sha ruwa ma gidanmu ya fara zuwa, ya sa kowa ya fita, ya daɗe da ita, sannan ya kira mu ya shafa mata mai a ido da kunne da hannu. Na san lokacin da suke yin wannan. Na gani an yi wa wasu.

Ya ce tunda ba za ta iya zuwa ɗakin addu'a ba, gobe a ɗakinta zai yi mini tambayoyin, in na ci a nan za a zuba ruwan, a gabanta. Surukarmu ta goge mini farar rigata.

Laraba, 4 ga wata, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

An jingina ta da matasai. Fada na zaune, ni ina durƙushe a gabansa, ga kwanon ruwa a gefe an rufe da farin ƙyalle. Kwak da wasu na leƙe daga tsakar gida. Yongdal na durƙushe a bakin ƙofa.

Na amsa ta fari, na amsa ta biyu, duk na amsa. Fada har yana gyaɗa kai. Ya zo kan waccan. Na ja numfashi, maganar na kan harshena, da gaske tana kai. Sai idona ya faɗa kan yaron. Leɓensa na motsi. Yana faɗa mini amsar a ɓoye, a hankali, yadda ake yi wa yaron da ake tsoron zai ba da kunya.

Na ji kaina na ce, "Uba ne gaba."

Fada ya ce in kwantar da hankalina, ya sake tambaya. Na ce na ji shi tun farko. Ya ce ko amsar ce ta ɓace mini. Na ce ba ta ɓace ba, na karanto masa ita tiryan-tiryan, sannan na ce wannan ita ce amsar littafi, amma in tawa yake so, ban yarda ba. Na ce shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya gaya mini ko ya taɓa miƙe ƙafa a gaban mahaifinsa.

Bai yi fushi ba. Da ya yi ma da na fi jin daɗi. Ya ce ba zai zuba ruwa a kan mutumin da ya ce bai yarda ba, ko shi ma ba zan so a yi mini haka ba. Ya ce in ci gaba da tunani, sai bazara.

Da ya ce bazara ba wanda ya kalli wani. Surukarmu ce ta shigo ta ɗauke kwanon.

Alhamis, 5 ga wata, da hantsi

Fada ya tafi Solti, bayan dutse. Can zai kwana, daga nan ya sauka gari.

Jiya ba ta ce mini uffan ba. Yau ina gyara mata bargo ta riƙe hannun rigata. Sai da na kai kunne bakinta.

"Tsoho, kai ƙwace aka yi maka, na sani. Wancan Uban ba wanda ya ƙwace masa komai. Shi ya ɗauki duk abin da yake da shi ya ba Ɗansa, bai rage ba, kuma bai ragu ba. Kai me ya kai ka taya shi kishi?"

Na ce ta huta, magana na gajiyar da ita.

Alhamis, da tsakar rana

Gari ya yi duhu, ƙanƙara za ta sauko. Na gaya wa surukarmu zan je duba itace.

Asabar, 7 ga wata, da safe

Zan rubuta yadda aka yi, don na ga an fara faɗa wani iri.

Solti na nufa. Na ce a raina can ba wanda ya san ni, ba mai motsa mini leɓe. In faɗa, a zuba, in dawo in nuna mata kaina a jiƙe. Ban kai ƙololuwar dutsen ba ƙanƙara ta sauko, gwiwar nan ta hagu ta ce ita a nan za ta tsaya. Na zauna a gindin wani itace. Ban daɗe ba na ji taku. Yongdal ne, da katakon goyon kaya a bayansa ba komai a kai. Ashe tun daga rafi yake bina nesa-nesa.

Na ce wa ya bari wajen uwarsa.

Ya ce, "Ita ta ce in biyo ku. Ta ce ba itace kuka tafi dubawa ba."

Na ce ya koma. Ya ce ta ce kada ya dawo sai da ni. Ya juya mini baya ya durƙusa. Na daɗe ina kallon katakon, wanda ake goya randuna zuwa kasuwa. Na hau. Duk hanya ba mu yi magana ba, sai sau ɗaya da ya ɗauki hanyar hagu na ce dama ta fi, ya bi dama.

Mun isa da duhu ya fara. Fada ya fito da cokali a hannu ya tsaya yana kallonmu. Ya ce me ya kawo ni. Na ce ya sake tambayar. A nan tsaye ya yi ta, yaron na bayana yana haki, wanda na tsallaka dutse don kada ya ji. Ban waiwaya ba. Na ce babu na gaba babu na baya, babu babba babu ƙarami, Allah ɗaya.

Ya ce wannan ta littafi ce, jiya ma na faɗe ta. Tawa fa?

Na ce, "Ganewa dai ban gane ba, Fada. Na ukun ma har yanzu ban san shi ba. Amma in Uban ne ya bayar da hannunsa, ba zama aka yi a bayansa ba, to gidansa ne. Ni wa da zan ce a'a. Na yarda."

Fada ya ce a ba mu abinci, da safe za a yi.

Na so a yi nan take mu juya. Hanya ta toshe, mutanen Solti suka ce ko damisa ba ta hawa yanzu. Jumma'a da sassafe aka zuba ruwan, sanyinsa har haƙori, aka shafa mini mai a goshi. Da aka ce wane suna, Yongdal ya ce uwarsa ta zaɓa, Yowakim. Ita sunanta na coci Anna, wai sunan mijin waccan Anna mai tsarki ke nan. Ya ce tun yana ƙarami ya san sunan. Ni kaɗai ne ban sani ba.

Sai da rana ta ɗaga hanya ta buɗe. Ya sake goya ni. Muna gangarowa wajen tanderu muka ji. Maza su ja, mata su amsa, maza su ja, mata su amsa, waƙar addu'ar nan mai ja da suke yi wa mamaci. Daga gidanmu take fitowa. Ya tsaya cik. Na ce ya sauke ni ya tafi. Ya sauke ni a hankali, ya jingina mini sandata, sannan ya ruga.

Asabar, da yamma

Ƙanenta ya zo daga gari. Yana shigowa bai ko gaishe ni ba ya tsaya kan Yongdal a gaban mutane, wai wane irin ɗan fari ne uwarsa za ta cika ba ya gefenta, wai shugaban addu'a guda. A wurinmu wannan tabo ne da mutum ke shiga kabari da shi. Yaron na durƙushe cikin rigar makoki, kansa a ƙasa, na san ba zai kare kansa ba.

Na ce da ƙanen ya juyo nan. Na ce yaron nan yana kan dutse da ni a bayansa, uwarsa ce ta aike shi, ni na sa aka yi aiken. Mai magana ya yi da ni. Kwak ya ja mutumin waje ya ba shi giya.

Lahadi, 8 ga wata, da asuba

Na tambayi surukarmu yaushe tsohuwa ta cika. Ta ce Jumma'a ne da gari ya waye. Ta ce tsohuwa ta buɗe ido ta tambaya ko an zuba. Ita kuma ta ce ai tabbas an zuba, Mama. Tsohuwa ta ce, kin gani? Surukar ta ce a'a. Shi ke nan, ba ta ƙara magana ba.

Anjima za su zo su ɗaure ta cikin likkafani. Na ce kowa ya ba ni wuri. Na ɗage ƙyallen na gaya mata an zuba, na gaya mata sunan, na ce ban yi musu a kansa ba. Ban wanke fuskata ba tun Solti. Na ɗago hannunta na ɗora a goshina inda aka shafa man, na riƙe shi a nan har suka ƙwanƙwasa.